Kwamfutar Kawu Ta Haihu

Ko zan rantse maka har muryata ta dishe, na san ba za ka yarda da wannan labari ba. Amma ka je layin shagunan ka tambayi Mai Aski, in dai dariya ta bar shi ya kai ƙarshe.

Akwai wani saurayi da ake ce wa Nagane. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, don ba a taɓa kai masa ƙarshen bayani ba. Kana cewa, "Ka ga wannan abin, idan ka..." zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na gane." Haka ya gane makaranta ana tsakiyar zango, ya tattaro littattafansa ya dawo gida, ya ce malaman maimaita kansu kawai suke yi. Da uwarsa ta gaji da tsallake shi a tsakar ɗaki, sai ta ja shi ta kai shagon ƙanenta, Kawu Mai Hoto.

Kawu ya ba shi tsintsiya, ya ba shi tsumman goge gilashi, ya nuna masa yadda ake riƙe fitila idan ana ɗaukar hoto. Sannan ya nuna laftof ɗin da ke kan tebur, wadda duk hotunan shagon ke cikinta.

"Wannan kuwa, ko ƙuda ka gani a kanta ka bar shi, ni zan kore shi. Ranar da ka lalata min wani abu a shagon nan, ga Mai Faci can, ya daɗe yana neman mai buga masa iska."

Nagane ya leƙa. A tsallaken titi Mai Faci na tsugune cikin rana tsaka, baƙi wuluk da man taya. Ya ɗaga masa ƙarfen ɓare taya kamar mai gaisuwa. Nagane ya dubi fankar shagon, ya dubi kujera mai juyi, ya ce a ransa ko da dabara ko da ƙarya, shi da wannan inuwa mutu-ka-raba.

Ana nan sai ya ci karo da wani bidiyo a wayarsa. Wani mutum ne ya buɗe taga a fuskar kwamfutarsa, sai ga wata kwamfuta ta tashi a cikin tagar, da babbar manhajarta daban, da fuskarta daban, da nata kwandon shara. Kwamfuta biyu a jiki ɗaya. Mutumin ya ce duk ɓarnar da ka yi a ta ciki ba ta shafar ta waje. Ya ce kana ma iya sa ta cikin ta ɗauki hoton kanta, in ta lalace ka mayar da ita yadda take a hoton. Yana cikin cewa, "Amma abin da za ku kiyaye shi ne..." sai datar Nagane ta ƙare.

"Na gane," in ji Nagane.

Washegari Kawu ya tafi sayen takardar hoto. Ƙurar babur ɗinsa ba ta kwanta ba Nagane ya haye kujera mai juyi, ya ƙwala wa maƙwabtan shagon, Mai Aski da Tela, kira.

"Ku zo ku sha kallo. Yau kwamfutar Kawu za ta haihu."

Tela ya shigo da zaren awo a wuya. "Waye mijin?"

"Ilimi ne mijin. Zauna ka gani."

"Ilimin da ka baro a tsakiyar zango?" in ji Mai Aski. "Ashe ya biyo ka gida."

Nagane bai kula su ba. Ya zuƙe datar shagon tas ya sauko da kayan aikin. Da aka tambaye shi nawa zai yankar wa sabuwar kwamfuta daga ƙwaƙwalwar tsohuwar, sai ya ja ma'aunin har kusan bango. Ya ce jaririya ce, ba a yi mata rowa. Nan take fankar cikin laftof ta fara kuka kamar injin niƙa. Tela ya ɗora tafin hannu a kanta ya janye da sauri.

"In an gama haihuwar ka ara min ita, ina da riguna da ba a goge ba."

"Naƙuda ce," in ji Nagane. "Kai ka taɓa ganin an haihu cikin sanyi?"

Can kuwa sai taga ta yi haske. Ga wata fuska baƙuwa, launinta daban, madannanta a gefe maimakon ƙasa. Mai Aski ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi. Ya leƙa bayan laftof ɗin, ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashi.

"To ina take zaune?"

"A ciki."

"Cikin ina? Ko wayata ba za ta shige nan ba."

"Mai Aski, kai dai ka tsaya a kan kai. Abin da ke cikin kai ka bar mana."

Don ya ƙarasa kashe su, Nagane ya ɗauki kyamarar Kawu ya harbo Mai Aski yana tsakiyar hamma, baki wangale, ido ɗaya a rufe. Da ƙyar da gumi ya samu jaririyar ta karɓi katin kyamarar, ya zuba hoton a cikinta. Sannan ya sa ta ɗauki hoton kanta kamar yadda mutumin bidiyo ya yi. Ya goge hoton Mai Aski, ya zubar da kwandon shara, ya nuna musu babu komai. Ya danna madannin mayarwa. Jaririya ta mutu, ta tashi, sai ga Mai Aski ya dawo da hammarsa.

Tela ya cire hula ya sosa kai. Nagane ya juya a kujera sau biyu.

"Kun gani? A wannan kwamfutar babu mutuwa. Duk abin da aka goge, ni ke dawo da shi."

Sai dai da ya zo fita, kibiyar maus ta ƙi. Ya ja ta hagu, ta tsaya a bakin taga. Ya ja ta sama, ta tsaya. Ya ɗaga maus ɗin ya girgiza, ya hura masa iska, ya buga shi a cinya. Kibiya na ciki kamar akuyar da aka ɗaure.

"Jaririyar ta kama yatsanka ke nan," in ji Tela.

"Tsaro ne. Ba kowa ke shiga ya fita yadda ya ga dama ba."

Daga nesa aka jiyo tarin babur ɗin Kawu. Mai Aski ya tuna yana da mai jira, Tela ya tuna ya bar dutsen guga a wuta. Nagane ya hau madannai da yatsu goma yana dannawa kamar mai kiɗa. Maimakon tagar ta rufe, sai ta buɗe ta cinye fuskar laftof gaba ɗaya. Uwa ta ɓace. Jaririya ta zauna daram kamar gidan ubanta.

Kawu ya shigo ya tarar da Nagane yana shara da ƙarfi a inda babu datti. Ya ajiye kwalin takarda, ya dubi kwamfuta, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Wace ce wannan?"

"Kawu, ni ma ina shara na ji ta yi ƙara. Kamfani ne ya sabunta ta ta iska. Ai ka tuna yadda wayarka ta kwana ta tashi da sabuwar fuska."

Kawu ya tuna, don har yau bai yafe wa wayar ba. Ya yi tsaki. "Mutanen nan ba sa sallama. To ina hotunana?"

"An kai su ɗakin ajiya. Sabon tsari ke nan. In ana buƙata ni zan ɗauko."

"Kai ka san hanya?"

"Kawu, da ba irin wannan muke karantawa ba kafin in bar musu makarantarsu?"

Kawu ya nemi inda yake gyara hoto, babu. Nagane ya lalubo masa wata manhajar da ta zo da jaririyar, ya nuna masa inda ake yanke gefe da inda ake ƙara haske. Firinta ta ƙi, Nagane ya yi ta dannawa har ta yarda. Kafin la'asar Kawu ya kira shi sau ya fi a ƙirga, har ya ce masa, "Zauna nan kusa, bar sharar nan." Ya kuma kafa wa Kawu doka: sabon tsari ba ya son a kashe shi, sai dai a rufe murfi kawai. Don ya san in aka kashe aka kunna, uwa ce za ta fara leƙowa.

Da safe yana goge madannai da tsumma sai hannunsa ya haɗa wasu biyu a can ƙasan dama. Taga ta tsuke, uwa ta bayyana da duk hotunanta, kibiya ta fito tana yawo. Ga ƙofa ta samu. Mai hankali da nan zai rufe jaririya ya ce kamfani ya janye sabuntawarsa. Amma Nagane ya dubi tsintsiya a jingine, ya dubi kujera mai juyi. Ya sake danna madannan biyu.

Daga ranar ya zama mai riƙe da makullin ɗakin ajiya. In wani ya zo neman tsohon hotonsa, sai Nagane ya ciro baƙin ƙyallen da ake rataya wa a bayan masu hoto, ya lulluɓe kansa da laftof ɗin gaba ɗaya.

"Wannan kuma fa?" Kawu ya tambaya ranar farko.

"Sirrin kamfani ne. In ido biyu ya wuce, ɗakin ba ya buɗewa."

A ƙarƙashin ƙyalle yakan fita wajen uwa, ya kwafo hoton a filashi, ya koma ciki. Uwar kuwa da ya bar ta da ɗan guntun ƙwaƙwalwa, tafiya take kamar mai ciwon ƙafa, ga zafin fanka na dukan fuskarsa. Yakan fito jiƙe sharkaf kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Wata tsohuwa da ta zo karɓar hoton jikanta ta gan shi ya fito haka, ta ce, "Sannu ɗan nan, ɗakin da nisa ne?"

"Hawa uku ne, Iya, kuma babu fitila."

A makon ne Kawu ya samu aikin da ya fi kowane girma a shekarar. Wata makarantar ƙananan yara ta ba shi ɗaukar hoton kowane yaro don katin shaida, aji huɗu cur, daga masu tatata zuwa masu koyon baƙi. Kullum da sassafe yakan tafi da kyamara, ya dawo da azahar kamar wanda aka ƙwato daga faɗa. Ranar farko ya dawo da sawun haƙora a babban yatsa. Rana ta biyu da amai a ƙafar wando. Akwai wata yarinya da ko murfin kyamara ta gani sai ta fasa ihu, sai ajin gaba ɗaya ya amsa mata. Sai da malamai biyu suka yi ta rarrashi har aka tashi kafin aka samu hotonta guda baki a rufe.

Katin kyamarar Kawu ƙarami ne, tun na zamanin da ya buɗe shago. Al'adarsa kullum, ya dawo ya juye hotuna a kwamfuta, ya share katin, ya ci gaba da ɗaukar masu fasfo da yamma. Haka ya yi ta juye yara a cikin jaririya, aji bayan aji, yana share kati.

"Nagane, hotunan nan suna nan lafiya ko? Don wallahi ko za a ba ni makarantar kyauta ba zan sake tsayawa gaban yaran nan ba."

"Kawu, ka kwanta ka yi barci. Inda suke ko gobara ba ta isa."

Shi kuwa Nagane, duk safiyar da Kawu ba ya nan, shagon ya zama majalisa. Ya yi wa Tela alkawarin zai sa jaririyar ita ma ta haihu, ya ba shi jikar ya riƙa ajiye zanen ɗinki. Tela ya ɗinka masa riga mai aljihu uku na saka biro. Mai Aski ya yi masa aski da tsaga a gefe, irin na injiniyoyi in ji shi, don a ba shi tattaɓa-kunne. Mai Faci kaɗai ne bai nemi komai ba. Yakan tsallako ya jingina da ƙofa yana goge hannu.

"Ni ba na son kwamfuta. Kafaɗunka kawai nake dubawa. Za su yi famfon buga iska."

"Kai da ganina a rana sai dai a mafarki."

"Ba na gaggawa. Famfon ma na sa masa sabon mai."

Ranar haihuwar jika, Nagane ya buɗe taga a cikin taga. Ya yanka wa jikar ƙwaƙwalwa daga ta jaririya, wadda ita ma yankowa aka yi. Fanka ta yi wani kuka da ba a taɓa ji ba, kibiya ta daskare a tsakiyar fuska, agogon kwamfuta ya tsaya. Aka jira. Tela ya je ya ɗinka hannun riga ya dawo, ba ta motsa ba. Nagane ya ɗauko murfin kwali yana yi mata fifita, Mai Aski ya kawo injin busar da gashi ya saita shi a iska mai sanyi.

"Ta rasu?" in ji Tela.

"Tunani take."

"In tunani ne, ta fi ka."

Da ƙyar ta farfaɗo gab da dawowar Kawu. Nagane ya sanar cewa an ɗage haihuwar jika saboda jaririyar ba ta isa aure ba. Tela ya ce to rigar ma ba ta isa sawa ba, ya kama aljihu ɗaya ya ja ya yage shi. Daga nan majalisa ta fara sanyi. Mai Aski ya soma cewa tsagar da ya yi masa kuskuren hannu ce. Nagane ya ga darajarsa na zubewa, ya ƙudura sai ya yi abin da zai rufe bakin kowa.

Damar ta zo ranar da shugabar makarantar ta zo duba hotuna kafin a buga. Mace ce doguwa mai tabarau a kan goshi, irin wadda in ta dube ka sai ka ji kana neman gyara zama. Kawu ya share kujera da hannun rigarsa, ya buɗe mata hotuna. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai. Da ta zo kan mai ihun nan, har ta yi murmushi.

"Wannan kam ka yi ƙoƙari. Uwarta ma ba ta da hotonta baki a rufe."

Kawu ya ji daɗi har ya ce bari ya tsallaka ya kawo mata ruwa mai sanyi. Yana fita, maƙwabta suka cika ƙofa, don ba kullum irin wannan mota ke tsayawa a layin ba.

"Fatana dai suna da wurin ajiya mai kyau," in ji Shugaba. "Mai hoton bara ya ɓatar mana da na aji guda. Iyaye sun kusa cinye ni."

Nagane ya gyara aljihunsa biyu da suka rage. "Ranki ya daɗe, wancan bai da injiniya ne. A wannan kwamfutar, ko goge abu aka yi, ni ke dawo da shi."

"Faɗa dai," in ji Mai Faci daga bakin ƙofa.

"Mai Aski shaida ne."

"Na ga ya dawo da ni," in ji Mai Aski. "Amma ni mutum ɗaya ne. Kuma tun ranar ba mu ƙara ganin abin kirki ba."

"Mutum ɗaya da mutum ɗari duk ɗaya ne a wurinta. Ranki ya daɗe, kalli nan."

"A'a, ba sai ka..." in ji Shugaba.

"Na gane damuwarki. Kalli dai."

Ya zaɓi jakar hotunan yara gaba ɗaya, aji huɗu. Ya goge. Ya buɗe kwandon shara, ya juyo da laftof ɗin don kowa ya gani, ya zubar. Shugaba ta sauko da tabarau daga goshi zuwa ido. Nagane ya naɗe hannun riga, ya hura yatsunsa. Yau ko ƙyalle bai nema ba. Ya danna madannan biyu, taga ta tsuke, ya je ya danna madannin mayarwa.

Jaririya ta mutu. Fanka ta yi shiru. Jaririya ta tashi.

"Bismillah, ranki ya daɗe, ga 'ya'yanki."

Ya buɗe wurin hotuna. Hoto ɗaya ne tak a ciki. Ya danna shi, ya cika taga: Mai Aski, baki wangale, ido ɗaya a rufe.

Shugaba ta daɗe tana kallo. "Wannan ɗan wane aji ne?"

Tela ya zame ya zauna a dokin ƙofa yana riƙe ciki.

"Suna hanya," in ji Nagane. "Yara ne, ba sa sauri. Babba ne ya riga su isowa."

Ya sake danna mayarwa. Jaririya ta mutu, ta tashi. Mai Aski. Ya sake. Mai Aski. Ya buɗe kwandon shara, wayam. Ya buɗe kowace jaka, har da waɗanda bai san amfaninsu ba. Manhajar firinta ma da ya sha wahala a kanta ta tafi. Gumi ya fara ɗiga daga tsagar askinsa.

"Ƙara dannawa," in ji Mai Faci. "Wataƙila a na biyar ya rufe bakin."

Daidai nan Kawu ya ratso mutane da gorar ruwa a hannu. Abin da ya fara gani ba Mai Aski ba ne. Tsohuwar fuskar kwamfutarsa ya gani, da hotunansa na da a jere inda ya bar su, da wata 'yar taga a tsakiya. Ya ajiye gorar a hankali.

"Ashe ba hawa uku ba ne."

"Kawu, bari in yi maka bayani."

"Ina yaran?"

Tela ne ya ba da labari, daga naƙuda har zuwa jika, Mai Aski na cike masa inda ya manta. Kawu ya saurara har ƙarshe, bai katse kowa ba. Sannan ya ja kujerar roba ya zauna gab da Nagane.

"Ka ce ta ɗauki hoton kanta. Yaushe?"

"Ranar da aka haife ta."

"Ka ƙara ɗaukar wani bayan nan?"

"Ai guda ɗaya ya isa, Kawu. Hotonta ne."

"Ɗan Yaya, kai da kake riƙe min fitila kullum. In na ɗauki hoton ɗakin nan yau, wanda zai shigo jibi zai fito a ciki?"

Nagane ya dubi Mai Aski na cikin taga.

Aka ciro katin kyamara aka duba ko an dace. Babu komai sai fuskokin wasu direbobi uku da suka zo hoton fasfo jiya da yamma. Kawu ya dafe kai da hannu biyu. Ba asarar kuɗi yake tunani ba, yatsansa yake tunawa.

Shugaba ta miƙe ta gyara mayafi. Ba ta ɗaga murya ba, irinsu ba sa buƙata.

"Mai Hoto, katin nan na riga na yi wa iyaye alkawari. Za a sake ɗauka. Amma malamaina sun ce ko za a kore su ba za su ƙara riƙe yaro a gaban kyamara ba. Saboda haka ka zo min da injiniya. Shi zai kamo, shi zai share hanci, shi zai zaunar, shi zai sa su dariya."

"Da safe ke nan," in ji Kawu. "Da yamma kuma..."

"Da yamma nawa ne," in ji Mai Faci. Ya tako har ciki ya matsa kafaɗar Nagane kamar mai taya rago. "Kada ka zo da rigar nan, aljihunta zai kama ƙarfe."

"Rigar ma dawo min da ita zai yi," in ji Tela.

Haka aka yi. Safiya ta farko a makarantar, kafin a ɗauki yaro biyar, Nagane ya sha cizo a gwiwar hannu, an zuba masa ruwan gora a takalmi, wani ya maƙale masa a wuya ya ƙi sauka. Ya yi kukan kyanwa, ya yi tsallen kwaɗo, ya kifa kwandon wasa a ka. Malamai na zaune a inuwa sun harɗe ƙafa suna ba shi shawara.

Aka zo kan mai ihu. Ya ɗauko ta tana harbin iska, ya zaunar, ta ga kyamara ta fasa. Ya yi mata rawa, ta ƙara. Ya yi mata waƙa, ajin ya taya ta. Ya ja wata 'yar kujerar yara ya hau don ya kaɗa mata ƙararrawa daga saman kan Kawu. Ƙafar kujera ta goce, Nagane ya tafi da baya ya zube a ƙasa, ƙafafu a sama, kwando na gangarawa.

Yarinya ta yi tsit. Sai ta ƙyalƙyale da dariya har da tafi. Kawu ya danna.

Nagane ya ɗago daga ƙasa yana riƙe ƙugu. "An samu, Kawu?"

Kawu ya duba bayan kyamara, ya kawo ta kusa da ido, ya girgiza kai.

"Ta rufe ido. Hau ka sake faɗuwa."

Yaron da ke bi mata a layi ya naɗe hannu a ƙirji, ya juya wa na bayansa. "Ni ma ba zan yi dariya ba sai ya faɗo."